Fim ɗin Mario: Me Ya Raba 'Yan Kallo da Masu Sharhi?

Ɗan Agege: Jama'a, me ya sa masu sharhi da dama suka kushe fim ɗin zane na 2023 da aka gina kan wasan bidiyo na Super Mario, alhali 'yan kallo sun yi tururuwa har ya tara sama da dala biliyan 1?

Hajiyar Obalende: Malam, masu sharhi labari suke bi, labarin kuwa ba shi da zurfi. Yarana da muka kalla tare a Ikeja, tseren motocin da suka saba bugawa a wasan bidiyo ne ya burge su.

Malamin Idi-Araba: Gaskiyarki, Hajiya. Bayan fim ɗin Mario na 1993 da mutane suka fito ciki bai karɓu ba, wannan karon Nintendo, mai wasan Mario, ta shiga aikin da kanta tare da kamfanin fina-finan zane na Illumination, shi ya sa masoya wasan suka gamsu.