Motar Baba da ke gindin darbejiya: yadda ake tada 504, 404 da Bitil

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum jama'a. Da wuya ka ratsa tsohuwar unguwa a Kaduna, Zariya ko Katsina ba ka ga Fijo 504 a kan bulo a gindin darbejiya ba, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Akasari motar maigida ce da ya saya da bashin mota yana aikin gwamnati, 'ya'ya sun kasa sayarwa, sun kuma kasa tayarwa. Ita 504 a 1968 ta fito a Faransa, kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara haɗa Fijo a nan Kakuri a 1975, zuwa mulkin soja na Obasanjo ta zama motar gwamnati, daga sakatare har gwamna. Shi ya sa ta cika gidaje.

Makanikan da suka san ta suna ƙarewa. Yaran yanzu kwamfuta suke jona wa mota, ita kuwa ba ta da inda za a jona. Duk wanda hannunsa ya sha baƙin man waɗannan motoci ya kawo abin da ya sani. Da lamba don Allah, ban da "a ɗan ɗaure kaɗan".

Oga Mai Fijo:
Wa alaikumus salam. Abin da ya fi kashe motar da ta daɗe a ajiye shi ne ranar farko: a aro batir, a zuba fetur a kafireta, a murɗa makulli. Zoben fiston ya riga ya manne da tsatsa, ba ɗigon mai a metal, kik ya fizge shi da ƙarfi. Ko zobe ya karye, ko ya kankare silif, wato bututun da fiston ke kai-komo a ciki.

Ga yadda ake yi. A cire fulogi huɗun. Na 504 suna can ƙasan rami ne, sai da doguwar sifanar fulogi, kuma a hure ƙasar da ke ramin kafin a kwance, don kada ta zuba ciki. Kowane rami a zuba cokali biyu na baƙin mai da aka sirka da gas, a bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a sa giya ta huɗu, mutum biyu su riƙa jijjiga motar gaba da baya a hankali. In inji ya juya zagaye biyu ba cijewa, alhamdu lillahi. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri, kada a ɗaura mata igiya a ja.

Sai a kwance notin kaskon inji a tsaya a kalli abin da zai fara fitowa. Ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi, shi zai riga fita. In man ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, ba maganar tayarwa sai an gano ta ina. In baƙi ne kawai, sabuwar filta da lita 4 na 20W-50.

Tanki kuma kada a yarda da shi. Lita 56 yake ci a salun, kuma tsohon fetur yana komawa danƙo mai warin fenti. A sauke shi a wanke. Tashin farko daga galan ake yi da sabon tiyo.

Mai Wayarin:
Oga ya gama da mai, bari in kama wuta. Kwantak 0.40 mm, fulogi 0.6 mm, da fila-geji, ba da takardar sigari ba. In kwantak ya yi fari-fari a goge shi, in ya yi rami a gefe ɗaya da tsini a ɗaya gefen, kwandansa ce ta mutu, a canza su tare. Wanda ya canza kwantak ya bar tsohuwar kwandansa zai dawo kafin wata.

Tsarin wuta 1-3-4-2 ne, amma ga inda ake faɗawa rami: Faransawa daga baya suke ƙirga. Silinda ta ɗaya tana wajen kuloci, ba wajen lagireto ba. Yaron da ya saba da Toyota zai ƙirga daga gaba. Kafin a zare wayoyin fulogi a ɗaura wa kowace alama.

Da zarar ta tashi a kalli jar fitilar mai. In ta wuce daƙiƙa biyar zuwa goma ba ta mutu ba, a kashe inji.

Wani abu kuma: famfon fetur na jikin inji yana da robar da ke bushewa in an daɗe ba a yi aiki da shi ba. In ta tsage, fetur na gangarawa cikin baƙin mai. Alamarsa, ma'aunin mai ya riƙa hawa maimakon sauka, kuma sandar awo na warin fetur.

Baba Direba:
Yara, ku yi maganar birki kafin maganar gudu. Man birki yana shan raɓa, shekara biyu ma ya isa, balle goma. A zubar da shi gaba ɗaya, a sa DOT 3 ko DOT 4, a cire iska daga tayar da ta fi nisa da direba a taho. Tiyon roba na birki yakan kumbura ta ciki, waje lafiya lau: ka taka ya kama, ka saki ya ƙi saki, taya ta yi zafi. A canza su kawai. Kulocin 504 shi ma da mai yake aiki, in feda ta tafi ƙasa ba ta dawo ba, robobin ne, ba faranti ba.

Taya kuwa zane ba ya nuna shekaru. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, ta yi kyau a yi guga da ita.

Ita wagon mai layin kujera uku, wadda ta yi jigilar Kano zuwa Jos da Kaduna zuwa Legas, aksul ɗinta na baya guda ne, da sifirin bibbiyu kowane gefe. Shi ya sa take ɗaukar iyali duka ran jajibirin Sallah, da buhun shinkafa, yara a layin baya. Akwai salun da ba haka take ba, kowace tayar baya da nata hannun. Wanda ya yi mata lodin wagon zai ga tayoyin baya sun buɗe suna cinyewa ta ciki.

Basakkwace:
Ni kam a yi mani bayanin tamostat, abin nan da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi. A nan duk makaniken da ka kai wa, abin da zai fara yi ke nan, ya cire ya jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Kuma gaskiya a watan Afrilu mutum ba ya son abin da zai tare ruwa.

Oga Mai Fijo:
Malam, tamostat mai lafiya ba ta sa zafi. Inji na kai zafin aikinsa take buɗewa gaba ɗaya. Wadda ta maƙale a rufe ita ce matsala, kuma gwajinta tukunya ce: a jefa ta a ruwa a ɗora a wuta, in ta buɗe kafin ya tafasa lafiyarta ƙalau. In an cire, da sanyin hunturu inji ba ya ɗumi da wuri, sai shan mai da baƙin fulogi.

Abin da ke dafa Fijo a wajenku ruwan rijiya ne. Ƙasar da ake haƙo farar ƙasar siminti a Kalambaina, ruwanta yana barin farin dutse a bututun lagireto kamar yadda yake yi wa buta. Ruwan injin kusan lita 8 ne. A kai lagireto a buɗe a zure bututun ɗaya bayan ɗaya, sannan a sa ruwan sanyaya inji na gaskiya, don tof silinda na alminiyam ne, bulok na ƙarfe, ruwa zalla yana cin su.

Sai fanka. Waɗanda suka zo da fanka mai maganaɗisu, ba kullum take juyawa da ƙarfi ba, sai zafi ya kai sannan suwic ya ba ta wuta ta wani ɗan gawayi. Gawayin na cinyewa. Ka ga fanka na juyawa ka ɗauka tana aiki, alhali shawagi kawai take yi. In ta mutu a hanya, akwai kusoshi uku na saiti a jikinta, a ɗaure su ta kama dindindin har a iso gari.

Tunda mun zo nan, bari in faɗi babban abin. Silif ɗin 504 a cikin ruwa suke zaune, ba a matse suke a bulok ba, tof ne ke danne su. In za a canza gasket, bayan an kwance kusoshi goman kada a ɗaga tof sama kai tsaye, zai taso da silif. A bar kusa ɗaya a sassauce, a murza tof ɗin gefe har ya rabu da gasket. Yana sauka a danne silif da manyan wasa da kusoshi, kuma kada kowa ya juya inji kafin a yi haka. In silif ɗaya ya motsa, abin toshe da ke gindinsa ya tashi aiki, ruwa zai sauka cikin mai ko da an sa gasket sabo fil. Nan ne za ka ji an ce "an canza gasket sau uku ta ƙi". Ba gasket ba ne.

Wajen mayarwa, ɗauri daga tsakiya ake farawa a zagayo waje, da sifanar awo. Bawul ana saita shi inji na sanyi: na shiga 0.10 mm, na fita 0.25 mm. Bayan kilomita kamar 1,000 a sake bin kusoshin a sake saita bawul.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki 'yan uwa. Mu nan buji muke ce wa fulogi, distirbuta kuma delko, a-kori-kura ta 404 da 504 kuwa bashe, kuma har gobe suna zuwa kasuwannin ƙauye da lodi ya fi su tsawo. Namu tun asali sitiyari a hagu yake. Ku sai 2 ga Afrilu 1972 kuka koma tuƙin hannun dama, don haka tsohuwar 404 da aka saya a Najeriya kafin nan sitiyarinta a dama yake, kuma wasu kayan sitiyarin da wayar totur ba sa shiga na wannan. A duba kafin a biya kuɗi.

Gargaɗi ga mai salun ɗin 404, mai giya a jikin sitiyari da noti uku a taya: aksul ɗinta na baya ba irin na sauran motoci ba ne. Dunƙulen ƙarfe ne mai murɗi yake juya faranti na tagulla. Asalin man da aka yi mata da shi na zurma ne, kuma ba ya haɗuwa da man giya na kasuwa. In aka zuba wannan a kan wancan sai su kame, wasu man giyar kuma suna cin tagulla. In ba a san abin da ke ciki ba, a juye a wanke tas kafin a zuba wani, kuma a nemi wanda aka rubuta ba ya cin tagulla.

Malama Hajiya:
Kun cika wuri da Fijo kamar kowane gida babban sakatare ne. Malaman makaranta da nas-nas Bitil suka fara saya, wadda Volkswagen ta riƙa haɗawa a Legas a da, Yarabawa na ce mata Ijapa, wato kunkuru. Yara kan gane dawowarta tun daga kan kwana saboda ƙararta, ƙaramin cikinsu kuma wurinsa wannan akwatin da ke bayan kujerar baya.

Ba ta da lagireto, iska da mai ke sanyaya ta, don haka dokokinta daban ne. Mai lita 2.5 kacal, kuma babu filta, raga ce a ƙasa da ƙananan noti shida, ana wanke ta da kananzir a sa sabon gasket duk kilomita 5,000. Fanbel ɗaya ke juya janareto da fanka tare. Jar fitilar caji ta kama a hanya, a tsaya nan take, don in bel ne ya tsinke, 'yan mintoci sun isa inji ya buga. Ana ɗaure bel ɗin ne da rage wasa tsakanin faranti biyun fuli, a bar shi yana lotsawa kamar 15 mm in an danna da babban yatsa.

Bawul 0.15 mm duka, inji na sanyi. Tsarin wuta 1-4-3-2. A fi sa ido kan silinda ta uku, ta hagu can ciki, don a tsofaffin injuna abin sanyaya mai yana tare mata iska, ita ke fara ƙona bawul ɗin fita. In an zo saiti aka tarar nata ya matse fiye da sauran, ya fara miƙewa ke nan.

Mai Wayarin:
Hajiya, a ƙara da gobara, don ita ta ci Bitil da yawa. Batir a ƙarƙashin kujerar baya yake. In murfin kan batir ya ɓata, babban mutum ya zauna, sifirin kujera ya taɓa kawunan biyu, ga kujera cike da zare busasshe. A rufe kan da roba mai kauri. Na biyu, ɗan bututun tagulla da tiyon fetur ke shiga a kafireta matsa shi kawai aka yi. Masu rataya filtar roba a tsakanin famfo da kafireta, nauyinta da jijjiga na zare shi, fetur ya feshi distirbuta. Filta a fitar da ita daga ɗakin inji, tiyo a sa masa kilif.

Malama Hajiya:
Haka ne Malam. Da faifan gwangwanin da suka lulluɓe injin, da robar da ta zagaye shi. Makanikai kan bar su a ƙasa wai ado ne, alhali su ke hana iskar zafi ta ƙasa komowa cikin fanka. Tukunyar tace iska kuma mai ne a cikinta, da hunturu a riƙa buɗewa duk mako biyu, a kwashe laka, a zuba sabo daidai layi.

Ɗan Kakuri:
Madalla. Masu tambayar kaya ta akwatin saƙo: na 504 ana samu a Panteka nan Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, amma a tafi da tsohon a hannu. Inji iri biyu ne a gari, 1796 cc da 1971 cc, daga waje kamar ɗaya, fiston da silif da gasket kuwa ba sa shiga na juna. Baba Direba, saura maganar farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul ɗin baya, da ke cikin bututu, da wannan "kaf" da take yi in an saki kuloci.

Baba Direba:
Kafin a sauke farfela a duba robobin da ke riƙe da aksul da ƙarfen giciye na baya, sau da yawa su ne suka mutu. A ja birkin hannu, mutum ɗaya ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kuloci, ya koma ribas ya sake, wani na tsugune daga gefe yana kallo, ba a ƙarƙashi ba. In kan aksul na tsalle, roba ce. In bai motsa ba amma ƙarar na nan, haƙoran bakin farfela ne suka bushe suka cinye, sai an ja aksul baya a zaro ta, a duba, a cika da giris kafin a mayar.