Shekarar Damisar Luwiziyana: musayar waƙa kan LSU ta 2019

Sani, Baton Rouge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga baitoci kan kakar ƙwallon Amurka ta 2019 ta jami'ar LSU, wato Jami'ar Jihar Luwiziyana da ke Baton Rouge. Damisa laƙabin ƙungiyarta ne, sauran dabbobin kuma laƙabin ƙungiyoyin wasu jami'o'i ne. Mai amsa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah zan yabi Damisa,
Ta Baton Rouge, mai tafiya da isa,
Karo 15, ba a kai ta ƙasa,
A 2019 ta gagari kowa.

Bijimin Texas mai dogon ƙaho,
A garinsa Austin ya yi kiran wayyo,
45 da 38, ya kwana da ciwo,
Tun Satumba ke nan, ana farawa.

Kadan Florida ya iso da dare,
Filinmu Kwarin Mutuwa ya cika, an tare,
42 da 28 aka ƙare,
Namu masu shunayyar riga suka kwana rawa.

Hadiza, Birmingham ta Alabama:

Ƙanena Sani, tsaya ka ji ni,
Giwar Alabama ta wuce raini,
Sau 8 a jere, kai ma ka sani,
Muna kayar da ku kafin wannan zuwa.

Ran 9 ga Nuwamba a Tuscaloosa,
Tua mai jefa mana ƙwallo da ciwon ƙafa ya shiga wasa,
46 da 41, tazarar ba nisa,
Ina abin tinƙaho da kurantawa?

Da shekara ta kewayo me kuka yi?
Ci 5, faɗuwa 5, babu daɗi,
55 da 17 a gidanku, kun ji,
Kofin kuma kocinmu Saban ya sake ɗaukowa.

Sani, Baton Rouge:

Yaya Hadiza, ban musa miki ba,
Takwas ɗin nan ba mu manta da su ba,
Shi ya sa ranar ba ta zo da sauƙi ba,
Tsohon bashi muka je karɓowa.

Kafin hutun rabi, 33 da 13,
Edwards-Helaire, gajere, ya ratsa tsakaninku,
Sau 4 yana kai ƙwallo cikin gidanku,
Ku rungume shi, ya zille yana juyawa.

Malam Garba, Columbus:
Sallama gare ku duka. Kuna ta lissafin maki, kun bar yaron da ya ja tawagar.

'Ya'yana, ku ba ni wuri in sa baki,
Joe Burrow mai jefa ƙwallo a nan Ohio ya rasa aiki,
Shekara 3 benci ya zame masa ɗaki,
A 2018 ya yi kudu, ba waiwayowa.

Koci Orgeron, mai kaushin murya,
Ɗan Luwiziyana ne, wannan ba ƙarya,
Ya ɗauko mataimaki Joe Brady ya sake musu hanya,
Aka rage turereniya, aka koma jefawa.

Jifan Burrow 60 ne suka kai ga ci,
Chase ya cafe 20, ya iya gudu da tashi,
Jefferson 18, hannunsa bai saki,
Yadi 5,671 in ana ƙirgawa.

Abin da ya fi taɓa ni, ku saurara,
Ba lambar Heisman ta gwarzon shekara ba ce, ko maki da ya tara,
Maganar da ya yi ce a kan yara,
A New York, murya tana rawa.

Ya riƙe lambar yana hawaye,
Ya tuna yaran Athens ta Ohio da na ƙauye,
Masu komawa gida ba abinci a ajiye,
Sadaka ta yi ta zuwa don maganin yunwa.

Aminu, Greenville:

Baba Garba, Allah ya ƙara girma,
Ni na Clemson ne, Damisa ce ita ma,
Wasa 29 a jere muna sama,
Sai 13 ga Janairu ta zo da rabawa.

Wasan kofi a New Orleans mun fara da ƙarfi,
17 da 7, na ce mun yi zurfi,
Sai Burrow ya shiga jifa mai kaifi,
42 da 25, mai jifanmu Lawrence ya ɗanɗana faɗuwa.

Sani, Baton Rouge:

Aminu, ka yi adalci, na gode,
Karnukan Georgia ma a Atlanta sun durƙushe,
Oklahoma jifa 7 kafin hutu ta haɗiye,
63 da 28, ba mai musawa.

Yaya, batun 2020 ga dalili,
'Yan wasa 14 gasar ƙwararru ta NFL ta kwashe a fili,
Mataimakan koci Brady da Aranda suka bar mana wuri,
Gida ya zama kango, sai sake ginawa.

Hadiza, Birmingham ta Alabama:

Ƙanena, Burrow na sara masa,
Ban ga irin kakarsa ba a wannan wasa,
Amma mu ma NFL na yi mana kwasa,
Duk shekara, ba mu fasa dawowa.

Orgeron 2021 ya yi sallama da ku,
Shekara 2 kacal bayan kofinku,
Ka faɗa min wa ya rushe ginin naku,
Ina nan zaune, ina jiran amsawa.