Allo ya kumbura, hoton bango ya koma baƙi: me kuke dubawa kafin a kai ga fomatin?

Mai gyara, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ƙorafi biyu ne suka fi yawo a shagunanmu. Ko dai a ce komai ya kumbura a allo, rubutu ya yi ɓulu-ɓulu, da'ira ta koma kamar ƙwai, ko kuma hoton bango ya ɓace ya bar baƙi ƙirin. Abin takaici, da yawa daga cikin yaranmu fomatin, wato goge kwamfuta a zuba Windows sabuwa, kawai suka sani, alhali sau tari fomatin ɗin ne ya jawo matsalar. Kowa ya kawo abin da hannunsa ya taɓa.

Ni bari in fara da direba, wato manhajar da Windows ke sarrafa kowane sashen kwamfuta da ita. Kowane allo yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su, shi ake kira rezolushan. Yawancin laftof tokumbo da ke hannun mutane 1366x768 ne, masu ɗan dama 1600x900 ko 1920x1080. Idan ka shiga Display settings ka ga rezolushan ya tsaya a 1024x768 ko 800x600, wurin ya yi toka-toka ba ya canzuwa, to ka danna maɓallan Windows da X tare, ka buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, magana ta ƙare, babu direban hoto. A Windows 7 sunansa Standard VGA Graphics Adapter. Wata alamar kuma, hasken allo ba ya raguwa ba ya ƙaruwa ko ka danna maɓallin sau ɗari.

Kada a zuba direba da ka. Ka shiga Properties na abin, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 na Intel ne, VEN_10DE na NVIDIA, VEN_1002 na AMD. Daga nan ka nemi direban a shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin da ainihin lambar samfurinta.

Malamin kwamfuta, Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, a nan zan ɗan ƙara. Tsofaffin Core i3 da i5 na ƙarni na biyu, masu Intel HD Graphics 3000, Intel ba ta fitar musu da direban Windows 10 a hukumance ba. Mutum zai ƙone data yana nema a banza. Abin da ke yi shi ne a haɗa ta da intanet a bar Windows Update ta kawo nata, a kuma leƙa cikin Optional updates in ba ta zo da kanta ba.

Sai kuma akasin haka: kwamfuta lafiya lau jiya, yau da safe ta kumbura bayan sabuntawa. A nan Roll Back Driver ne magani, yana cikin shafin Driver a Properties. In maɓallin ba ya dannuwa, ke nan babu tsohon direba a ajiye, sai a cire na yanzu a sake kunnawa. Amma kafin duk wannan ina fara gwada Windows da Ctrl da Shift da B tare. Allon zai ƙifta, a ji ƙara ɗaya, direban ya farfaɗo ba tare da an kashe komai ba.

Mai shagon buga takardu, Ƙofar Soro:
Ku dai maganar laftof kuke. Mu masu kwamfutar tebur, kebul ɗin VGA ne ciwon kanmu, mai shuɗin kai ɗin nan. Tsinke 15 ne a bakinsa. Na 12 da na 15 ta nan allo ke gaya wa kwamfuta ko shi wane ne da kuma girman da yake ɗauka. In ɗaya ya lanƙwashe, ko ya karye, ko kebul ɗin na araha ne wanda ba a haɗa waɗannan wayoyin ba, sai kwamfuta ta kasa gane allon. Za ka ga Generic Non-PnP Monitor a Device Manager, kuma 1440x900 ko 1920x1080 ba za su fito a jeri ba ko da direba lafiyarsa ƙalau. Ka sake direba sau goma, ba abin da zai canza.

Launi ma daga nan ne. Tsinke na 1 ja ne, na 2 kore, na 3 shuɗi. Allon da ya koma ruwan hoda ya rasa kore, wanda ya koma rawaya ya rasa shuɗi. Lokacin hunturu ƙura kan cika ramukan ta hana tsinken zama daram. A cire, a hure, a goge da busasshen buroshi, a ɗaure kusoshin nan biyu na gefe. Tsinken da ya lanƙwashe ina miƙar da shi da bakin biron da aka cire wa tawada, a hankali, don in ya karye sai sabon kebul.

In kuma hoto ya goce gefe ɗaya ya bar baƙin layi, maɓallin Auto da ke jikin allon za a danna, ba cikin Windows abin yake ba.

Mai gyara, Ƙofar Ƙaura:
Gaskiyarka, Alhaji. Kuma tsofaffin alluna masu inci 17 da 19 waɗanda suka kusa zama murabba'i 1280x1024 ne. In aka ba su 1024x768 hoto zai ɗan miƙe tsaye, rubutu ya dusashe.

Ma'aikaciyar ofis, Katsina:
Malamai, ina da tambaya a kan wanda ya zaɓi girman da ya fi ƙarfin allo. An ce Windows na komawa da kanta bayan daƙiƙa 15 in ba a amince ba. To amma na ga kwamfutar da aka canza wa allo daga babba zuwa ƙarami, tana tashi sai Out of range kawai yake yawo a baƙin allo. Ta ina za a shiga a gyara abin da ba a gani?

Malamin kwamfuta, Daura:
Hajiya, daƙiƙa 15 ɗin gaskiya ne, amma sai in a lokacin ake canzawa. Taki ta riga ta riƙe tsohon girman. Mafi sauƙi a mayar da babban allon, a rage zuwa 1024x768, a kashe, sannan a sauya. In babu shi, a Windows 7 ki riƙa danna F8 tana tashi, ki zaɓi Enable low-resolution video. A Windows 10 da 11 F8 ba ya yi. Ki kunna, da tambarin Windows ya fito ki danne maɓallin wuta har ta mutu, ki maimaita sau biyu zuwa uku, za ta shiga gyaran kanta. Daga nan Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sai ki danna 3. Lamba 4 Safe Mode ce, ita ake bi in direban ne ya lalace.

Mai haɗa majigi a wurin taro, Ƙofar Marusa:
Majigi da talabijin nasu daban ne. Windows da P na ba da zaɓi huɗu. In ka zaɓi Duplicate, dole alluna biyu su haɗu a girman da kowanne zai iya, shi ya sa laftof ke tsukewa da baƙi a gefe da zarar an jona tsohon majigi mai 1024x768. Ba lalacewa ba ce. Extend na barin kowanne da nasa. Wanda kuma ya bar ta a Second screen only yakan ga allon laftof ya mutu duk lokacin da aka jona kebul, ya ɗauka ya ƙone.

Talabijin ta HDMI kuwa, in gefen hoto ya yanke har sandar ƙasa ta ɓace, rimot za ka ɗauka ba linzami ba. A LG sunan saitin Just Scan, a Samsung Screen Fit. Talabijin ɗin ce ke faɗaɗa hoton.

Mai shagon buga takardu, Ƙofar Soro:
Kafin a wuce, akwai na yara. Allo ya kife ƙasa a sama: Ctrl da Alt da kibiyar sama ke mayar da shi a tsofaffin Intel, in bai yi ba a saka Display orientation a Landscape. Gumakan tebur sun zama ƙatti amma sauran komai daidai: an riƙe Ctrl an murza tayar linzami ne, a murza baya. Komai ya yi girma yana bin linzami: Magnifier ne, Windows da Esc ke rufe shi.

Wani gargaɗi kuma. Dattijo ya ce rubutu ya yi masa ƙanana, kada a rage masa rezolushan, hoto zai dusashe ya ƙara gajiyar da ido. A bar shi a wanda aka rubuta wa Recommended, a ɗaga Scale zuwa 125% ko 150%.

Mai gyara, Ƙofar Ƙaura:
To mu koma hoton bango. Wanda na fi gani shi ne Windows da ba a yi wa rajista da lasisi ba. A 10 da 11 shafin Personalization yana kulle, amma in ka danna hoton da dama ka zaɓi Set as desktop background zai hau. Windows 7 ta fi tsanani: in ta ce ba ta asali ba ce, duk hoton da ka sa za ta mayar da shi baƙi bayan minti 60. Wannan sai lasisi. Windows 7 Starter ta ƙananan laftof ɗin nan kuwa tun asali ba ta yarda a canza hoton ba. Akwai kuma sabuntawar Janairun 2020, ta ƙarshe da Windows 7 ta samu kafin a daina tallafa mata, wadda ke baƙanta bango in an zaɓi Stretch. A mayar Fill, shi ke nan.

In rajista lafiya amma bango baƙi, wuri biyu nake bi. Na farko Control Panel, Ease of Access Center, Make the computer easier to see, a cire alamar da ke kan Remove background images. Na biyu fayil ɗin da Windows ke ajiye kwafin hoton a ciki, wanda kan lalace in wuta ta ɗauke ana tsakar aiki. Ka danna Windows da R, ka rubuta %AppData%\Microsoft\Windows\Themes, ka sauya wa TranscodedWallpaper suna zuwa TranscodedWallpaper.old, sannan ka sake zaɓar hoto. Sabo zai fito da kansa.

Malamin kwamfuta, Daura:
Malam, ka manta tokumbo da suka fito daga ofisoshin waje ba a goge su ba. Su doka aka sa musu. Za ka ga an rubuta cewa ƙungiyarka ce ke kula da wasu saituna. Ka buɗe gpedit.msc, wurin saita dokokin Windows, User Configuration, Administrative Templates, Control Panel, Personalization, ka mayar da Prevent changing desktop background zuwa Not configured. Windows Home ba ta da gpedit. Irin waɗannan kam ni ban ƙi a yi musu fomatin ba, don ba ka san me kuma aka bari a ciki ba.

In bango baƙi ne kuma babu gumaka babu sandar ƙasa, sai linzami shi kaɗai, wannan ba matsalar hoto ba ce, Explorer, manhajar da ke nuna gumaka da sandar ƙasa, ce ba ta tashi ba. Ctrl da Shift da Esc, Run new task, a rubuta explorer.exe. In kuwa launuka duk sun juye, rubutu fari ko rawaya a kan baƙi, High contrast aka kunna da kuskure. Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen ke kashe shi.

Ma'aikaciyar ofis, Katsina:
Na gode, Malam. Ni abin da na lura, hotunan da ake sa wa su riƙa sauyawa suna tsayawa cak da zarar an ɗauke wuta. Dalilin yana cikin Power Options, Change advanced power settings, Desktop background settings, Slide show: a batir an saka Paused don tsimin caji. A mayar Available in ana so, amma batir zai ɗan ji.

Kuma hoton da aka turo ta WhatsApp ya riga ya matsu, a waya yana kyau, a allo mai 1920x1080 sai ya farfashe. A turo shi a matsayin Document ko a kwaso da kebul. Hoton waya na tsaye, Fill zai yanke kai da ƙafa, Stretch zai faɗaɗa fuska kamar faifai. Fit ne ke nuna shi cikakke, sai a zaɓi launin da zai cike gefe biyun.

Mai gyara, Ƙofar Ƙaura:
Saura rarrabe ciwon allo da na Windows. Layuka, ƙiftawa, ko rabin allo fari: ka shiga BIOS, saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows, tana tashi, F10 a HP, F2 a Dell. In layukan suna nan tun a can, direba ba shi da laifi. Sai ka jona allo na waje. Ya fito tsaf, to allon laftof ne ko siririyar wayar da ta bi ta maƙalar murfi; ka buɗe murfin ka rufe a hankali, in hoton na canzawa wayar ce. In na wajen ma ya nuna layukan, matsalar tana kan bod, wato babban faifan lantarkin cikin laftof. Wanda zai sayi sabon allo ya cire tsohon ya karanta lambar da ke bayansa, ya ƙirga bakin, akwai mai tsinke 30 akwai mai 40, kuma a cire batir kafin a taɓa wayar.