Wa ke da ikon cewa "na yafe"?

Auta: Salamu alaikum. Ku kalli bidiyon da na turo. A jihar Kentucky ta Amurka ne, 2017. Wani dattijo Musulmi aka kashe wa ɗa mai shekara 22, yaron ya je kai wa mutane abinci gida. Ranar yanke hukunci uban ya miƙe a kotu ya ce ya yafe wa matashin da ke da hannu a kisan, har ya rungume shi. Ni dai ra'ayina, duk iyayen da suka kasa yin haka ƙiyayya ce za ta cinye su. In haka ta faru, mai kisan ya kashe mutum biyu ke nan, ɗa da mahaifi.

Gwaggo: Auta, ka haihu tukuna.

Auta: Haba Gwaggo, ai magana ce ta addini. Allah ya ce wanda ya yafe kuma ya gyara, ladansa na wurinsa.

Gwaggo: To je ka faɗa wa mahaifiyar Hanifa. Yarinya 'yar shekara 5 a Kano, ta taso daga Islamiyya a watan Disamban 2021, mai makarantar bokonsu da ta sani ya ɗauke ta. Ya nemi fansar naira miliyan 6, ya ba ta maganin ɓera na naira 100, ya binne ta a harabar makaranta. Wannan za a runguma?

Yaya Babba: Auta, ka ƙarasa kallon bidiyon naka kuwa? An rungumi yaron, amma alƙali ya ɗaure shi shekara 31. Yafiyar uban ba ta buɗe ƙofar kurkuku ba. Shi ma wanda ya kashe Hanifa a Kano, Babbar Kotun jiha ce ta yanke masa hukuncin kisa ranar 28 ga Yulin 2022, kuma gwamnati ce mai ƙara. Ko iyaye sun yafe, shari'ar ba a hannunsu take ba.

Kawu Malam: Ku dakata, kuna cakuɗa abubuwa. A kisan ganganci Alƙur'ani ya ba waliyyin mamaci iko, yana nan a Suratul Isra'i aya ta 33. In ya so ƙisasi, in ya so diyya, in ya so afuwa, kamar yadda ya zo a Baƙara aya ta 178. Wanda ya zaɓi ƙisasi bai yi zunubi ba, haƙƙinsa ya karɓa. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya, irin na Hanifa kisan gilla ne, wato a yaudari mutum a keɓe shi a kashe don dukiya. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce babu afuwa a cikinsa. Ko a kisan da ake iya yafewa ma, ba tafiyarsa yake yi ba, bulala 100 ce da ɗaurin shekara guda.

Auta: Kawu, na yarda da hukuncin. Ni zuciya nake nufi. Mutum ya kwana da gaba, ya tashi da ita, shekara da shekaru?

Kawu Malam: Ɗana, ka tuna Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Ya zo ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluncinsa, bai taɓa shi ba, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Yana cikin Bukhari. In mafificin halitta bai so ganin fuskar ba, ni wane ne da zan ce wa mai jego ta yi runguma?

Gwaggo: Allah ya saka, Malam. Maƙwabciyata a kan waya aka soke mata ɗa da wuƙa, yana dawowa daga jarrabawa. Ko sadakar uku ba a yi ba dangin wancan yaron suka turo dattawa, da ƙwaryar goro, wai a yi haƙuri, ƙaddara ce. Tana zaune a tabarma da carbi, bakinta na rawa, kowa ya zuba mata ido. Ta ce ta yafe. Da aka watse ta shige ɗaki ta ɗauko rigar makarantarsa ta rungume. Har yau in ta ji an ce "ai ta yafe" sai ta tashi daga wurin. Kunya aka sa ta, ba a tambayi zuciyarta ba.

Yaya Babba: Kuma galibi talaka ake kai wa goron. In ɗan mai hali aka kashe, lauyoyi ake tarawa.

Anti Amarya: Ni fa ina ɗan bayan Auta. A Iran, 2014, an kai wanda ya kashe wani saurayi wurin rataya, igiya na wuyansa. Uwar mamacin ta matso ta kwaɗa masa mari, sannan ita da mijinta suka cire igiyar. Ta tsirar da rai, ta kuma hana wata uwar shiga irin halinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, Gwaggo.

Gwaggo: Bayan shekara nawa, Amarya?

Anti Amarya: Bakwai.

Gwaggo: To kin gani. Shekara bakwai, ga igiya a gabanta, ga iko a hannunta, kuma sai da ta yi marin. Ita tawa kwana biyu aka ba ta.

Auta: Na janye maganar "duk iyaye". Amma har yanzu ina ganin wanda ya samu ya yafe ya fi samun barci.

Yaya Babba: Wataƙila. Wani kuma sai ya ga an zartar da hukunci yake runtsawa, ga gwamnoninmu ba sa son sa hannu a takardar kisa.

Auta: Gwaggo, in za ki leƙa maƙwabciyar nan ki kira ni in raka ki.

Gwaggo: Jibi bayan la'asar. Ka bar wayarka a aljihu, kada ka nuna mata bidiyon nan.