Abin da aka tattara kan doguwar tafiya da mota

Na bi maganganun jama'a, ga abin da na tsinto:

1. Tufafi: kusan kowa ya ce kaya kala uku sun isa, a riƙa wankewa a hanya. A nannaɗe su maimakon a ninke, sun fi cin wuri kaɗan.

2. Kaya masu nauyi su zauna can ƙasan but, kusa da bayan kujera. Lodi a saman mota yana ƙara shan mai.

3. Kowace safiya kafin a tayar da inji: a duba baƙin mai a wuri mai lebur, da ruwan lagireto, da iskar taya tun tana sanyi. Kada a buɗe murfin lagireto inji na zafi, tururin kan ƙona hannu. Safaya ma a auna ta, nan ne mutane suka fi sakaci. Jak da sifana kuwa ba a barin su.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a canza baƙin mai kafin a tashi, wasu suka ce a jira kilomita ta cika kamar yadda littafin motar ya nuna. Ni dai na fi karkata ga na farko, neman bakanike a baƙon gari akwai wuya.