Wuta biyu a tukunya ɗaya: me za mu kira boltej da Hausa?

Mai tambaya, daga arewacin Ingila

Assalamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, kuma ba don ado ba. Rashinta ya sa yarana sun kwana uku da rigunan sanyi a jikinsu cikin watan Janairun nan.

Bari in fara da na'urar, saboda waɗanda ba su taɓa zama a ƙasar sanyi ba. A yawancin gidajen nan akwai wani farin akwati da ake kafewa a bangon kicin, Turawa na ce masa boila. Gas yake ƙonawa ya ɗumama ruwa, wani ɗan inji ya kora ruwan ta bututu zuwa faifan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Kamar lagireton mota ne, sai dai a nan zafin da yake fitarwa shi ake so. Ruwan wanka ma daga gare shi yake. To ko da yake gas yake ci, ba ya ko motsi sai da lantarki. Fankar da ke fitar da hayaƙi, injin kora ruwa, abin ƙyasta wutar, mabuɗin gas, da fanel ɗin da ke ba su umarni, duk lantarki ke tafiyar da su.

Da magaribar wata Talata ina wurin aiki uwargida ta kira ni, ta ce abin ya tsaya, allonsa na nuna F7. Na duba littafinsa a waya, na ga ma'anar lambar a irin namu: boltej ɗin da ke shigowa gidan ya gaza. Sai na ce mata, "Wuta ce ta yi ƙasa." Ta ɗauka wutar gas nake nufi, wadda ke ci a cikin akwatin, ta je ta duba ko kuɗin mitar gas ne ya ƙare. Na ce a'a, ƙarfi ne ya ragu. Maƙwabcinmu, wani ɗan'uwa mai son taimako, yana jin "ƙarfi" ya ce ai ya san wannan, ƙarfin ruwa ne. Ya buɗe famfon cikawa da ke ƙarƙashin akwatin. Allurar da ya kamata ta zauna tsakanin 1 da 1.5 ta haura har kusan 3, ruwa ya fara ɗiga ta bututun da ke bayan gida. Babu wanda ya yarda lantarki ne, don fitilun gidan na haske tar. Can tsakar dare abin ya tashi da kansa. Washegari da magariba ya sake mutuwa.

Sai da mai gyaran wuta ya zo ya sa ma'auninsa. Ƙarfe shida na yamma boltej ɗin 198 ne, da safe 231. Dokar ƙasar nan ta ce a ba gida 230, an yarda ya hau da kashi 10 cikin 100 ko ya sauka da kashi 6, wato daga 216 zuwa 253. Namu ya faɗo ƙasa da haka, fanel ɗin ya ƙi kunna gas don kada a yi ɓarna.

Ina so in rubuta ɗan bayani da Hausa ga 'yan'uwa sababbin zuwa, ɗalibai da masu aikin jinya. Amma na kasa wuce layin farko. Wuta tana nufin abu biyu a cikin akwatin nan, ƙarfi yana nufin uku. Me zan kira wannan 230 ɗin?

Mai gyaran wuta, daga Kano

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ai wannan abincinmu ne kullum, kuma muna da sunansa: rabin wuta. Ka ce wa kowace Hajiya a Kurna ko Ɗorayi an kawo rabin wuta, da gudu za ta cire firji daga soket. Wasu su ce wutar ba ta cika ba, wasu su ce lokaran. Me ya sa za mu wahalar da kanmu da ƙirƙira alhali bakin mutane ya riga ya yi aikin?

Mai tambaya

Na gode Maigida, kuma ni ma da ita na tashi. Matsalata biyu da ita. Ta farko, 198 ba rabin 230 ba ne, ko kusa. Wanda ya san rabin wutar gida yana jiran ya ga ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka na juyawa da ƙyar. Ƙwayayen LED na yanzu ba sa nuna haka da wuri, suna ta haskensu har sai abin ya yi tsanani. Idan na rubuta rabin wuta, mutum zai ɗaga kai ya ga haske ya ce ba ita ba ce. Ta biyu, rabin wuta sunan ciwon ne. Ni sunan abin da ake aunawa nake so, wanda zai iya zama daidai, ya yi yawa, ko ya gaza.

Malamar kimiyya, daga Zariya

Wannan tambaya ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya a cikin aji. Abin da za ka fi gani a rubuce shi ne "ƙarfin lantarki", kuma da shi nake fama, don abubuwa uku ne muka cusa a riga ɗaya.

Akwai wanda ake aunawa da bolt, sunan da aka ɗauko daga Alessandro Volta, ɗan Italiya da ya haɗa batir na farko a 1800. Akwai wanda ake aunawa da amfiya, daga sunan Bafaranshe Ampère. Akwai kuma wat, daga James Watt na Sikotilan. Idan ka ninka bolt da amfiya shi ne zai ba ka wat. Butar lantarki mai wat 3000 a kan bolt 230 tana jan kusan amfiya 13. Duka ukun idan ka tambayi Bahaushe zai ce ƙarfi.

Yadda nake nuna wa yara: tankin ruwa a saman gida. Tsawon da aka ɗaga tankin shi ke sa ruwa ya fito da ƙarfi a famfo, ko da kuwa famfon a rufe yake wannan yunƙurin yana nan yana jira. Shi ne boltej. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututu idan an buɗe shi ne amfiya. Saboda haka ni shawarata "matsin lantarki". Muna da matsin lamba, muna da matsin rayuwa, kunne ya saba da kalmar.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram

Malama ta yi kusa da yadda muke faɗa. Mu da Faransanci ya ratsa, lantarki kuran muke ce masa, wannan abin kuma tansiyo. Sai dai kalmar nan ɗaya ita ce ta hawan jini a bakinmu. Ka ce tansiyo ta sauka a gidanku, za a tambaye ka wa ke kwance. Ba zan ba ku shawarar ku ara ba. Amma ku lura, su ma hoton matsi ko ɗaurewa suka ɗauka, ba na ƙarfi ba.

Mai tambaya

Malama, bayaninki ya warware mini abin da na daɗe ina ji ban iya faɗa ba. Amma ki dubi akwatin nan da kyau. A fuskarsa akwai agogo mai allura da ke auna matsin ruwan da ke cikin bututu, kuma faɗuwar wannan matsin na daga cikin abubuwan da suka fi tsayar da boila a ƙasar nan. Shi ya sa maƙwabcina ya ruga can. Idan na kira wancan matsi na kira wannan matsi, ranar da mace ta kira mijinta cikin ruɗewa ta ce matsi ya faɗi, mun koma gidan jiya. A waya ba a faɗin cikakken suna, kalmar farko ake cafkewa.

Mai gyaran wuta

To in haka ne ku saurara, don ni da hannu na san abin ba da littafi ba. Idan mota ta ƙi tashi me ake yi mata? Turi. Mutum biyu su tura a hankali ba za ta kama ba, sai an samu majiya ƙarfi. Ni haka nake ganin kwamfiresar firji idan wuta ba ta cika ba. Tana so ta tashi, abin da ke tura ta bai isa ba, sai ta tsaya tana gurnani tana jan amfiya fiye da ƙa'ida har wayar cikinta ta yi zafi ta ƙone. Na canza irinsu ban san adadi ba. Mutane na mamaki yadda ƙarancin wuta ke ƙona kaya, suna zaton sai ta yi yawa. Idan kuka ce turi ya gaza, yarona da ke riƙe mini tsani ma zai gane.

Malamar kimiyya

Turin lantarki. Na maimaita shi sau uku a bakina, ya zauna. Kuma ta fuskar ilimi ya fi nawa dacewa, don aikin boltej ke nan, ingiza cajin lantarki ya bi waya. Na janye matsi, a bar wa ruwa da iska abinsu.

Idan mun karɓi wannan, sauran biyun ma sun samu gida. Amfiya ta zama awon kwararar lantarki. Wat kuwa ba sai mun ƙirƙira ba, tun tuni ake cewa dutsen guga na cin wuta, hita na cin wuta. Sai a ce cin lantarki.

Ga wata hanyar gane faɗuwar turi ba tare da ma'auni ba, Malam, ka sa a bayaninka. Duk abin da aikinsa zafi ne, kamar buta ko gasa burodi, zafinsa na raguwa fiye da yadda turin ya ragu. Daga 230 zuwa 200 kashi 13 ne kawai cikin 100, amma zafin butar zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan uwargida ta ga ruwan shayi na daɗewa da yamma fiye da safe, ta samu shaida tun kafin a kira kowa.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa

'Ya'yana, kun yi ta turi kun bar akwatin kansa ba suna. Kada ku rubuta boila, a kasuwa da yawa haka suke kiran kajin gidan gona. Lokacin da jirgi ke tafiya da gawayin kwal da tururi, tukunyar jirgi muke cewa, kowa ya gane. Wannan ma tukunya ce, wuta a ƙasa ruwa a ciki.

Mai tambaya

Allah ya ƙara girma Baba. Da na so in ce matafasa, sai na tuna ba ta tafasa ruwan, tana tsayawa ne wajen digiri 60 zuwa 80. Tukunyar ɗumama gida ta fi gaskiya, kuma na san cikin mako guda baki zai gajarce ta ya koma tukunyar ɗumi.

Ɗan'uwan Damagaram

Ni dai ina da sauran shakka. Masu gyara ba za su daina cewa boltej ko tansiyo ba don mun zauna a nan mun yanke. Kuma shi bolt ɗin fa, ba ya karo da bolt na noti?

Malamar kimiyya

Ba za su daina ba, kuma ba mu ce su daina ba. Bolt suna ne na awo, kamar mita da kilo, a bar shi yadda duniya ta san shi. Lamba na biye da shi koyaushe, bolt 230, ba wanda zai ɗauko sifana. Wanda muke yi wa wannan aiki shi ne mutumin da ke tsaye gaban tukunya yara na rawar ɗari, yana neman kalma ɗaya da zai faɗa a waya a fahimce shi.

Mai tambaya

Na karɓa. Kafin in kawo abin da na rubuta, ga yadda tamu ta ƙare, tunda wasu sun tambaya ta gefe. Mai gyaran ya duba fis mai amfiya 3 da ke kan makunnin tukunyar, lafiyarsa lau. Ya auna a inda wayar ke shigowa gidan ya ga tun daga can turin ya faɗi, wato ba laifin wayoyinmu ba ne. Muka tambayi gidaje biyu na kusa, ɗaya ma tasu na tsayawa da yamma, daidai lokacin da kowa ya dawo ya kunna abin girki da na ɗumama ɗaki. Na kira 105, lambar kyauta ta masu kula da layin lantarki a Ingila da Sikotilan da Wales. Suka kafa na'urar da ke rubuta awo dare da rana, daga baya suka haƙa gefen titi suka gyara wani haɗi da ya lalace. Jiya da magariba ma'auni ya nuna 234.

Ga sakin layi na farko, ku gyara mini:

"Idan tukunyar ɗumi ta tsaya, fara karanta lambar da ke allonta ka duba ma'anarta a littafin, don kowane kamfani da nasa lambobin. Idan ta ce turin lantarki ya gaza, kada ka taɓa famfon cikawa, wancan na matsin ruwa ne. Hasken fitila ba shaida ba ne. Lura ko da yamma take tsayawa, ka tambayi maƙwabta. Idan fitilu na ƙara haske suna raguwa da kansu, ko ka ji ƙaurin waya, kashe babban makunni ka kira 105 nan take. Kada ka kwance murfin tukunyar, doka ta keɓe wannan ga mai rajistar Gas Safe, wato ma'aikacin gas mai lasisi. In haya kake, sanar da mai gidan a ranar."

Mai gyaran wuta

Ya yi, Malam. Ka ƙara cewa su cire firji daga soket har turin ya dawo. Kuma wannan hawa da saukar fitilun da ka ambata, yawanci wayar nutural ce ta saki, wato wadda lantarki ke komawa ta cikinta. Ita ma ba ta da sunan Hausa, mu dai baƙar waya muke cewa, alhali a can wurinku na ji shuɗiya ce. Malama, me za mu kira ta?