Wai me za mu kira dishiwasha da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Ni kafinta ne, aikina haɗa kabad na kicin, kuma akwai maganar da ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce, ina so masu jin Hausa su sa baki.

Wata Hajiya muka yi wa kicin a Kaduna, ɗanta da ke Jamus ya turo mata injin nan na wanke kwanuka da ake ce wa dishiwasha, irin wanda ake turawa cikin kabad a ƙarƙashin kanta, wato teburin saman kabad, a ɗaura masa ƙofa kalar sauran ƙofofin, in ka shigo ba za ka ma san akwai inji a wurin ba. Mu huɗu muka taru a kansa, ni da yarona da mai famfo da mai wayarin, kowa da sunan da yake kiransa. Mai famfo dishiwasha, mai wayarin washin mashin na kwano, yarona kuma injin wanki. Wannan injin wankin ne ya ci mana rabin yini, don yaron ya buga wa mai famfo waya ya ce maigida ya ce a ja ruwa zuwa wajen injin wanki, bawan Allah ya zo da sassafe ya ja bututunsa tsaf zuwa baranda ta baya inda injin wankin kaya zai zauna. Kuma ba laifinsa, abin da aka faɗa masa ya yi.

Muna cikin gyara Hajiya ta leƙo, ta dubi abin a kwalinsa ta ce, "Au, wannan ne mai wanke-wanken?" Na ce shi ne ranki ya daɗe. Wallahi a nan na ji sunan ya faɗo.

Ku duba fa, Hausa ta riga ta raba aikin gida uku tun kafin a ƙera wani inji. Wanka na jiki ne, wanki na tufafi, wanke-wanke na kwanuka da tukwane. Ba yarinyar da za a ce mata tashi ki yi wanke-wanke ta je ta ɗauko zanen gado. Toh tunda mun yarda da injin wanki, ɗan'uwansa ai injin wanke-wanke ne. Haka muke sa wa inji suna dama, da aikinsa: injin niƙa, injin markaɗe, injin ban ruwa. Su ma masu abin ba wani suna mai zurfi suka ba shi ba, a Turanci kalmar da ake kiran injin da ita ita ce ake kiran mutumin da ke wanke faranti a gidan abinci. Wata mata ce 'yar Amurka, Josephine Cochrane, ta yi rajistar nata a 1886, ta kai shi baje kolin Chicago a 1893, otal-otal da gidajen abinci suka fara saye, sai daga baya sosai ya shiga gidajen mutane.

Na ga wani Malam ya ce na'urar wanke kwanuka ta fi. Malam na gode, Hausa ce mai kyau kuma a rediyo za ta zauna daram, amma ni abu biyu ne suka hana ni. Na'ura a kunnena ta fi tafiya da kwamfuta da kayan asibiti, abin da ke da mota a ciki yana jan ruwa yana ƙugi inji muke ce masa. Sannan ba kwano kaɗai yake wankewa ba, akwai faranti da kofi da cokula da tukunya, wanke-wanke kuwa ta kwashe su duka. Wata 'yar'uwa ta kawo mawanki, kamar mabuɗi da madubi da matsefi. Ginin kalmar daidai ne, sai dai in ka je kasuwa ka ce a ba ka mawanki dole a tambaye ka na me, mun koma inda yarona ya tsaya kenan. Masu cewa a bar shi dishiwasha tunda mun karɓi firij da fanka, ban ƙi aro ba, ni ma kabad da kanta nake cewa kullum, amma wannan aikin muna da sunansa a baki, kuma dishiwasha da washin mashin a waya cikin ƙarar janareta kusan ɗaya suke fita.

Inda na fi shan wuya shi ne rabin sunan na biyu, wato yadda za a bambanta wanda ake turawa cikin kabad da wanda ake ajiyewa a fili kamar firij. Bambancin ba na ado ba ne kawai. Na cikin kabad yana zuwa ne tsirara, ba murfin sama, ba ƙofar ado, sai ka bar masa rami mai faɗin santimita 60, ko 45 in ƙarami ne, tsayi wajen 82, ka murɗa ƙafafunsa har ya daidaita ya kusa taɓa kanta, ka ɗaure shi da sukurori don kar ya kifo gaba in an jawo kwando cike da faranti, ka manna farantin ƙarfe a ƙasan kanta don tururi kar ya kumbura katako. Tiyon ruwan datti sai an ɗaga shi sama kusa da kanta kafin ya sauko ya haɗu da bututun sink, in ba haka ba ruwan sink zai dawo cikin injin ya yi wari. Soket a kabad na gefe ake sawa inda hannu zai kai, ba a bayansa ba, kuma dole da wayar ƙasa, don hitarsa tana jan wajen wat 2000. Ga kuma matsalarmu ta nan, ruwan tanki. Yawancinsu suna son ƙarfin ruwa aƙalla rabin bar, wato ma'aunin ƙarfin ruwa, kuma sai tanki ya yi tsayin mita 10 kafin ya ba da bar ɗaya, na Hajiya bai kai mita 5 ba, sai da muka sa ƙaramin famfo mai tura ruwa.

Abin da aka ɗaure haka me za a ce masa? Na gwada ginanne, ba wanda ya gina shi. Girkakke a kicin zai ruɗe da girki. Kafaffe ya kusa, amma na fili ma tiyo ya riƙe shi wuri ɗaya. Sai na tuna yadda muke cewa wadirob ta jikin bango, kowa ya gane. Don haka ni na tsaya a kan injin wanke-wanke na jikin kabad, ɗayan kuma na ajiye. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, in kuna da yadda kuke faɗa ku kawo mu ji.

Kayan cikinsa ba su ba ni wahala ba. Kwandon sama da kwandon ƙasa, fanka mai feshin ruwa, mataci a ƙasa da ake cirewa a wanke, ƙwayar sabulu, gishirin inji, sai ruwan nan da ke sa kofin gilashi ya bushe ba tabo, na ce masa ruwan ɗauraya. Da waɗannan na rubuta takarda na liƙa a cikin ƙofar kabad saboda yarinyar da ke taya Hajiya aiki: a kankare ƙanzo kafin a sa tukunya, kar a zuba sabulun ruwa na hannu don kumfa za ta cika kicin, kar a sa akushi da muciya da ƙwarya za su tsage, tukunyar dalma kuma za ta yi baƙi. Ta karanta a gabana, ta tambaye ni wanne ne mataci, na ciro na nuna mata. A takardar kuɗin aiki ma haka na sa, haɗa injin wanke-wanke na jikin kabad, guda 1.